Wiliyam Hashal, Makaɗin Da Ya Gano Sabuwar Duniya Daga Bayan Gidansa

Tun zamanin da, masana ilmin falaki na Larabawa da na Yunanawa da na sauran al'ummai taurari biyar kaɗai suka sani masu tafiya, watau waɗanda ba su zama wuri guda a cikin burujai kamar sauran. Su ne Uɗaridu, da Zuhura wadda muke kira Zara matar wata, da Mirrihu, da Mushtari, da Zuhalu. An yi shekaru dubbai ba wanda ya ƙara ko ɗaya a kan biyar ɗin nan, har mutane suka ɗauka ƙidaya ta cika. Wanda ya zo ya ƙara na shida makaɗi ne mai koya wa 'ya'yan attajirai kiɗa da waƙa, bai taɓa shiga jami'a ba, kuma da tabaron hangen nesa da ya ƙera da hannunsa ya gan shi, yana tsaye cikin ɗan lambun bayan gidan da yake haya. Sunansa Wiliyam Hashal, Turawa kuwa suna rubuta shi William Herschel.

An haife shi ran 15 ga watan Nuwamba, 1738, a birnin Hanoba ta ƙasar Jamus. A lokacin nan Hanoba da Ingila sarki ɗaya gare su. Ubansa Ishaku ɗan badujala ne a rundunar Sarki, yana busa wani abu mai kama da algaita. Talaka ne, amma mai son ilmi, yakan fita da 'ya'yansa da dare ya nuna musu taurari. Wiliyam yana da shekara 14 ya bi sawun ubansa ya shiga badujala. A cikin 1757 Faransawa suka ci rundunar Hanoba da yaƙi a wani wuri da ake kira Hastenbeck, uban ya ga yaron nan ba don bindiga aka yi shi ba, sai ya sa shi ya ƙetare zuwa Ingila. Ya sauka Landan yana da shekara wajen 19, aljihu ba nauyi. Da kwafar takardun kiɗa ya fara cin abinci, kamar yadda wani magatakarda yake kwafar littafi a biya shi. Daga nan ya yi ta yawo a garuruwan arewacin Ingila yana koyarwa yana kiɗa, har a cikin 1766 aka kira shi garin Bath ya zama mai kaɗa babban abin kiɗan wata sabuwar majami'a.

Bath gari ne mai maɓuɓɓugar ruwan zafi, inda masu dukiya suke zuwa hutawa da neman lafiya, saboda haka makaɗi ba ya rasa ciniki a can. Hashal ya sami karɓuwa ƙwarai, har wani lokaci yakan ba da darasi 35 ko fiye a mako guda. Da ya ga ya zauna da gindinsa sai ya koma Hanoba a cikin 1772 ya ɗauko ƙanwarsa Karolina. Wannan yarinya zazzaɓi mai tsanani ya kama ta tana da shekara goma ya tsumburar da ita, uwarta kuwa ta yanke cewa ba za ta auru ba, ta mai da ita baiwar gida. Wanta ya kawo ta don ta koyi waƙa ta kuma riƙe masa gida. Ashe wani aiki dabam ne yake jiranta.

Ta hanyar kiɗa ne taurari suka shiga ransa. Ya karanta wani littafi na wani malamin Kambirij, Robert Smith, a kan lissafin da yake cikin sauti, ya ji daɗinsa, sai ya nemi ɗaya littafin malamin, wanda yake bayanin haske da yadda ake haɗa tabaron hangen nesa. A cikin 1773, yana da shekara 34, ya sayi littafin James Ferguson na ilmin falaki. Daga nan barci ya ƙaurace masa. Abin da ya karanta yana so ya gani da idonsa.

Da fari ya sayo ƙwayoyin gilashi ya ɗora su a bakin dogayen bututai na kwali, Karolina ce take naɗa kwalin tana mannewa. Bututan suka yi tsawo, suna lanƙwashewa, ba su saituwa a kan tauraro. Sai ya yi hayar wani ɗan ƙaramin tabarau mai tsawon ƙafa biyu, irin mai madubi a ciki, ya ga ya fi sauƙin riƙo nesa ba kusa ba. Ya rubuta Landan yana tambayar kuɗin babba, mai ƙafa biyar ko shida. Aka amsa masa babu irinsa a kasuwa, sai dai a ƙera masa, kuɗin da aka yanka kuwa ya fi abin da ya ga ya kamata ya biya. Wani da ya ji haka sai ya haƙura ya koma ga kiɗansa. Shi kuwa ya ji labarin wani mutumin Bath da ya taɓa gwada wasa madubai ya gaji, ya je ya saye tarkacen kayan aikinsa duka, da madubai da ba a gama ba, mutumin ya nuna masa ɗan abin da ya sani. Iyakar makarantar da Hashal ya yi a wannan sana'a ke nan.

Ya kamata mu tsaya kaɗan mu bayyana yadda irin wannan tabarau yake aiki, don masu karatu su san wahalar da mutumin nan ya ɗaukar wa kansa. Newton ne ya fara ƙera irinsa a cikin 1668. Bututu ne buɗaɗɗe a sama, a gindinsa an kafa madubi mai ɗan zurfi kamar faranti. Hasken tauraro ya shigo ya faɗa kan madubin, zurfin nan ya tattara shi ya komo da shi sama wuri guda, inda wani ɗan ƙaramin madubi da aka karkata yake karkatar da shi zuwa wata ƙwayar gilashi a gefen bututun. A nan mutum yake sa ido. Gwargwadon faɗin madubin, gwargwadon hasken da zai tara, gwargwadon kuma dusassun taurarin da za a gani. A zamanin nan ba a san yin irin wannan madubi da gilashi ba, da ƙarfe ake zuba shi. Ana narka jan ƙarfe wajen kashi biyu, da kuza kashi ɗaya, ƙarfen nan da aka san ƙasar Jos da shi. In jan ƙarfe ya yi yawa madubin ya yi ja-ja, in kuza ya yi yawa ya yi gautsi ya fashe wajen hucewa. Bayan zubi sai wasawa da gari mai kaushi, sa'an nan da mai laushi, sa'an nan gogewa a kan ƙaro har ya yi ƙyalli. Zurfin kuwa dole ya fita daidai da wani lanƙwaso na musamman, kuskuren da ido ba ya iya gani ya isa ya mai da tauraro kamar ɗigon tawada a jiƙaƙƙiyar takarda. Hashal ba shi da injin yin wannan a lokacin, tafin hannunsa ne ma'auninsa.

Kafin a jima gidan ya zama maƙera. Kafinta yana fafare katako a ɗakin baƙi, ɗan'uwansu Alekzanda ya kafa injin sassaƙa a ɗakin kwana yana yin mazaunin ƙwayoyin gilashi, Karolina mai son tsabta tana kallo ba yadda za ta yi. Hashal yakan dawo daga wajen kiɗa da rigarsa ta ado, bai tuɓe ba ya faɗa wa aiki, ƙaro ya ɓata hannun rigar. In gogewa ta kai wani matsayi ba a ɗaga hannu, domin in ƙarfen ya huce aikin ya lalace. Akwai ranar da ya yi sa'a 16 bai ɗauke hannunsa daga madubi ba, ƙanwarsa tana sa masa loma a baki kamar jariri. Don kada gajiya ta kashe shi takan zauna ta karanta masa littattafai, cikinsu har da Dare Dubu Da Ɗaya. Madubai da yawa sun lalace, ya mai da su wuta ya sāke. Shi da kansa ya ƙidaya daga baya cewa ya yi madubai sama da 400, manya da ƙanana. A cikin wannan tarin ɓarna ne hannunsa ya koyi abin da ba ya cikin littafi.

Ran 1 ga Maris, 1774, ya buɗe littafin da yake rubuta abin da ya gani a sama, ya fara da zoben da yake kewaye da Zuhalu. A cikin Nuwamba, 1778, ya gama wani madubi mai faɗin inci 6 da ɗan ɗoriya, wanda ya fi duk na baya kyau, ya sa shi cikin bututun katako mai tsawon ƙafa 7. Gidan hangen taurarinsa kuwa ba gini ba ne. Babu hasumiya, babu ƙubba mai juyawa irin ta gidan Sarki da yake Greenwich. In dare ya yi sarari sai a ciccibo tabaron da mazauninsa na katako a kafa a lambu, in gari ya waye a mai da shi ɗaki. Da suka zauna wani gida marar lambu, a bakin titi yake kafawa. A nan ne wani dare a ƙarshen 1779 wani mai wucewa ya tarad da shi yana kallon wata, ya roƙa a bar shi ya leƙa. Ashe likita ne, Wiliyam Watson, ɗan babbar ƙungiyar masana ta Landan da ake kira Royal Society. Ta hannunsa ne takardun makaɗin nan suka fara isa gaban masana.

Hashal ya ɗora wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi, watau ya bi taurarin sama ɗaya bayan ɗaya, ya duba kowanne, yana neman waɗanda suke tagwaye. Ran Talata, 13 ga Maris, 1781, tsakanin ƙarfe goma da sha ɗaya na dare, yana lambun gida mai lamba 19 a titin New King, aikin ya kawo shi gefen burujin Sauru, burujin da Kaza da 'Ya'yanta suke ciki, daura da iyakarsa da Jauza'u. Sai ya ga wani tauraro da ya fi maƙwabtansa kauri. Ga abin da ya sani: kafaffen tauraro saboda tsananin nisansa ko an ƙara ƙarfin tabarau yana nan ɗigo, amma abin da yake kusa, cikin iyalin rana, girma yake yi. Ya cire ƙwayar gilashin da take riɓanya gani sau 227 ya sa mai 460, sa'an nan mai 932, abin ya yi ta girma. Bayan kwana huɗu ya koma ya tarar ya gusa daga inda yake. Ya ɗauka tauraro mai wutsiya ne, haka kuma ya sanar.

Masana suka yi ta lissafi, hanyar abin ta ƙi dacewa da ta tauraro mai wutsiya. Wani masani da yake aiki a Rasha, Anders Lexell, yana cikin waɗanda suka fara nuna cewa kewaya rana yake yi kusan da'ira sosai. Duniya ce guda, faɗinta ya yi huɗun tamu, nisanta daga rana ya yi namu sau 19, watau wajen mil miliyan 1,800, tana kuma ɗaukar shekara 84 kafin ta kewayo sau ɗaya. Iyakar iyalin rana da aka sani ta ninku biyu a dare ɗaya. Waɗansu suka ce sa'a ce kawai. Amma da aka binciki tsofaffin littattafai sai aka tarar John Flamsteed, masanin taurarin Sarki na farko, ya gan ta tun 1690 ya rubuta ta cikin kafaffun taurari, wani Bafaranshe kuma, Lemonnier, ya gan ta sau goma sha biyu bai gane ba. Sa'a ta zo musu su ma, madubi ne da ido suka bambanta. Hashal ya raɗa mata suna Tauraron Joji don girmama Sarki, mutanen sauran ƙasashe ba su karɓa ba, sunan da Bajamushen nan Bode ya kawo, Yuranus, shi ne ya zauna.

A cikin wannan shekara ce kuma ya kusa halaka. Ya ƙudura zai zuba madubi mai faɗin ƙafa 3, maƙeran garin suka ce ba su da murhun da zai ɗauka, sai ya gina nasa a ɗakin ƙasa na gidan. Mazubin kuwa da kashin doki aka yi shi, busasshe, a daka a turmi a tankaɗe, Karolina da Alekzanda har da likita Watson duk sun taɓa taɓarya. Zubin farko ya tsage wajen hucewa. A na biyu, cikin Agusta, gindin murhun ya ɓule, narkakken ƙarfe fiye da laba 500 ya malalo kan daɓen dutse, duwatsun suka riƙa fashewa suna tashi har rufi. Kowa ya yi ta kansa, da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni. Hashal ya fita lambu ya zube kan tarin tubala don gajiya.

Ƙungiyar Royal Society ta ba shi lambar girmanta ta kuma shigar da shi cikinta kafin shekarar ta ƙare. Duk da haka akwai masu shakka, domin ya ce yana da ƙwayoyin gilashi masu riɓanya gani har sau dubu shida, abin da ba wanda ya taɓa ji. A cikin 1782 ya ɗauki tabaron nan nasa mai ƙafa 7 ya kai Greenwich, aka kafa shi kusa da na gidan Sarki, masanin taurarin Sarki Nevil Maskelyne ya leƙa wannan ya leƙa wancan. Gani ya kori ji. Na makaɗi ya nuna tagwayen taurarin da na Sarki ya kāsa rabawa. Sarki Joji na Uku ya kira shi ya nuna wa iyalinsa sama, sa'an nan ya yanka masa fam 200 a shekara, bisa sharaɗin ya zauna kusa da fadar Windsor. In ma'aji ya raba, fam 16 da sule 13 da kwabo 4 ke nan a wata, kuma bai kai abin da kiɗa yake kawo masa ba. Ya karɓa bai yi ciniki ba, yana da shekara 43. Karolina ma, wadda muryarta ta fara suna har ana gayyatarta wani gari, ta bar waƙa daga ranar. Ba a ce an shawarce ta ba.

Suka koma wani tsohon gida mai yoyo a ƙauyen Datchet, daga baya a cikin 1786 suka zauna Slough. Don cike gibin albashi ya shiga ƙera tabarau na sayarwa, mutumin da ya kāsa sayen guda ɗaya ya zama shi sarakuna suke aiko wa, har Sarkin Sifen ya sayi wani a kan fam 3,150. A cikin 1783 ya gama wani mai tsawon ƙafa 20, madubinsa inci 18 da ɗoriya, an rataye shi da igiyoyi a jikin tsani na katako a fili. Da wannan ne ya yi aikin da ya fi kowane yawa. Yakan hau can sama cikin sanyin da tawada take daskarewa a kwalba, yana kiran abin da ya gani, Karolina tana zaune bakin taga da agogo da fitila tana rubutawa, don kada haske ya taɓa idonsa. Da safe ita ce mai lissafi da gyaran takardu. A cikin shekara 20 suka rubuta wuraren hazon haske da cincirindon taurari 2,500, alhali kafinsu waɗanda aka sani ba su fi ɗari da 'yan kai ba. Daren ƙarshe na 1783 tana gudu cikin duhu ta je ta juya tabaron, ta faɗa kan wani ƙugiyar ƙarfe da ƙanƙara ta rufe, ta shige ta a ƙafa, ba a cire ta ba sai da tsoka. Ita kanta da wani ɗan tabarau da wanta ya ƙera mata ta gano taurari masu wutsiya takwas tsakanin 1786 da 1797. A cikin 1787 Sarki ya yanka mata fam 50 a shekara, ta zama mace ta farko a Ingila da hukuma ta biya albashi saboda aikin kimiyya.

Sai kuma babban, wanda ya fi jawo masa suna a bakin jama'a. Sarki ya ba da fam 4,000 aka gina wani mai tsawon ƙafa 40, madubinsa ƙafa 4, nauyinsa kusan tan guda. Kafin a ɗaga bututun baƙi sukan bi ta cikinsa su fita, har Sarki ma ya bi. An gama shi a cikin 1789, nan da nan kuwa ya tabbatar da waɗansu 'yan duniyoyi biyu da suke kewaya Zuhalu kamar yadda wata yake kewaya tamu. Ya yi shekara fiye da 50 ba wanda ya fi shi girma a duniya. Amma in za a faɗi gaskiya, kuɗin Sarki bai haifi abin da kuɗin darasin kiɗa ya haifa ba. Sai da ma'aikata biyu ake juya shi, madubin yana dusashewa da sauri, ɗauko shi don gogewa kuwa aikin mutum da yawa ne mai haɗari. Hashal ya lissafta cewa a sararin Ingila mai yawan gajimare, inda sa'o'in gani sosai ba su fi 100 a shekara ba, za a yi wajen shekara 800 kafin a gama duba sama da shi. Yawancin darare sai ya bar shi a tsaye don masu zuwa kallo, ya koma ga mai ƙafa 20.

Sauran abubuwan da ya gano suna da yawa. Ya nuna cewa rana da iyalinta ba a tsaye suke ba, tafiya suke yi cikin sarari. Ya nuna waɗansu tagwayen taurari kewaya juna suke yi. A cikin 1800 ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku ya fito launi-launi kamar bakan gizo, ya sa ma'aunin zafi a kowane launi, sa'an nan ya sa shi gaba da ja inda ido ba ya ganin kome, sai ya ga zafi ya ƙaru, watau akwai hasken da ido ba ya gani. Ya kuma yi kurakurai manya. Ya gaskata akwai masu rai a cikin wata, har ma a cikin rana, wadda ya zaci cikinta da sanyi a ƙarƙashin gajimare mai wuta. Ya ce ya ga watanni shida suna kewaya Yuranus, biyu ne na gaskiya, huɗun idonsa ne ya ruɗe shi.

Ya yi aure a cikin 1788, ya auri wata bazawara mai dukiya, Maryamu Pitt, suka haifi ɗa guda, John, a cikin 1792, wanda shi ma ya zama babban masanin taurari. Auren ya fitar da Karolina daga gidan da ta riƙe shekara 16, ta koma ɗakin haya, tana zuwa aiki da dare. Littattafan da take rubuta al'amuranta na shekarun da suka biyo baya ita da kanta ta hallaka su.

Hashal ya rasu a Slough ran 25 ga Agusta, 1822, saura wata uku ya cika shekara 84, watau duniyar da ya gano ta kusa komowa inda take ran da aka haife shi. Karolina ta koma Hanoba ta ci gaba da shirya lissafinsu, aka ba ta lambar zinariya a cikin 1828, ta rasu a cikin 1848 tana da shekara 97. Babban tabaron ɗansa ya sauke shi wajen 1840 don katakon ya ruɓe, gidan Slough ma an rushe shi daga baya. Gidan haya na titin New King shi ne ya rage, an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi a cikin 1981, ran da ganin nan ya cika shekara 200. Ɗan lambun yana nan a baya, a ɗakin ƙasa kuma ana nuna wa baƙi duwatsun daɓen da narkakken ƙarfe ya farfasa.